Daga Rariya Zuwa Gona: Wane Sabulun Wanki Ya Dace da Ƙasar Gezawa?

Idan ka bi hanyar Kano zuwa Gumel da hantsi, ka ratse cikin ƙauyukan Gezawa, akwai abin da ido ya saba gani har ya daina lura da shi. Ruwa mai kumfa yana fitowa ta rariyar gida, ya bi gindin katanga, ya ɗan yi tafiya, ƙasa ta shanye. A cikin birni kwata ce ke ɗauke wannan ruwa. A nan kuwa, taku goma daga bango ka shiga gonar gero ko ta gyaɗa, kuma sau da yawa rijiyar da ake sha ba ta da nisa.

Tun cikin shekarun 1960 masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, inda jama'a suka yi yawa har ana noma gona kowace shekara ba a barin ta ta huta. Abin da ke riƙe ƙasar shi ne takin dabbobi da toka da sharar gida da ake kai mata. Wato a irin wannan wuri, abin da ya fita daga gida gona yake komawa. Ruwan wanki ma haka ne. To me ke cikinsa, kuma me yake yi wa ƙasa da ruwa?

Yadda sabulu ke cire datti

Yawancin dattin da ke maƙalewa a tufafi maiƙo ne ke riƙe shi: maiƙon jiki, man girki, man shafawa. Ruwa da mai kuwa ba sa haɗuwa, shi ya sa ruwa zalla ba ya fitar da riga.

Ƙwayar sabulu, wadda ido ba ya iya gani, tana da kai da wutsiya. Kan yana son ruwa, wutsiyar tana son mai. Idan ana cuɗa tufafi, wutsiyoyin sai su shige cikin maiƙon, kawunan su tsaya a waje cikin ruwa. A haka suke kewaye maiƙon, su farfasa shi ƙanana-ƙanana, ruwan ɗauraya ya tafi da shi. Duk wani abin wanki, na gargajiya ko na kamfani, da wannan dabara yake aiki.

Kumfa fa? Kumfa iska ce da ta maƙale a cikin ruwan sabulu. Tana nuna cewa akwai sauran sabulu a ruwan, amma ba ita ke yin wankin ba. Wannan ya kamata mu riƙe, domin son ganin kumfa ta cika baho shi ke sa yawancinmu zuba omo fiye da buƙata.

Sabulu daban, omo daban

A bakinmu duk garin wanki sunansa omo, ko da Klin ne ko Viva ko Ariel. Amma a ilimin sinadarai, sabulu da omo ba abu ɗaya ba ne.

Sabulu ana yin sa ne da mai ko kitse, a haɗa shi da sinadari mai kaifi irin ruwan toka ko soda. Ƙwayoyin bakteriya na ƙasa suna cinye shi da sauri, tun da asalinsa abinci ne a wurinsu. Matsalarsa ɗaya ce babba: idan ruwa na ɗauke da kalsiyam da magnesiyam masu yawa, irin ruwan rijiyar nan da ake cewa yana cin sabulu, sai sabulun ya haɗu da su ya zama wani farin gudaji da ke tasowa saman ruwa ya kuma maƙale a tufafi.

Omo kuwa haɗi ne na abubuwa da yawa. Mai yin ainihin wankin galibi wani sinadari ne da ake samu daga man fetur, wanda ake taƙaita sunansa da LAS. An taɓa gina sashe na musamman a matatar mai ta Kaduna a 1988 domin samar da tushen wannan sinadari ga kamfanonin omo. Bayan shi akwai masu tausasa ruwa, irin su fosfet ko zeyolait ko sodiyam kabonet. Akwai sodiyam salfet, wanda yawancin aikinsa ƙara auki ne da hana garin dunƙulewa. Wasu suna da enzayim masu narka tabon jini, miya da koko. Sai turare, kala, da wani sinadari da ke sa farin kaya ya yi ƙyalli a ido ko da bai fi da tsabta ba.

Abin da wasu ƙasashe suka koya da wahala

A shekarun 1950 zuwa farkon 1960, koguna a Jamus da Ingila da Amurka sun riƙa yin tulin kumfa. Dalili shi ne sinadarin wankin da ake amfani da shi a lokacin yana da wutsiya mai rassa, wadda bakteriya ba sa iya cinyewa. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 aka koma LAS mai miƙaƙƙiyar wutsiya, kumfar ta ragu ƙwarai. Sai dai LAS yana ruɓewa da kyau ne inda akwai iskar oksijin, kamar saman ƙasa, inda yake ƙarewa cikin kwanaki zuwa 'yan makonni. A ƙasan kududdufi mai baƙin taɓo, inda babu iska, yana daɗewa. Kuma kafin ya ruɓe, miligiram kaɗan a cikin lita ɗaya ta ruwa ya isa ya lalata wa kifi gaɓar da yake numfashi da ita.

Darasi na biyu fosfet ne. Fosfet taki ne. Shi ne harafin P ɗin da ke jikin buhun NPK. Idan ya shiga ruwan da ke kwance, gansakuka da kainuwa suke samun abinci su rufe ruwan. Idan suka mutu, bakteriyar da ke cin su sai su shanye iskar oksijin da ke ruwan, kifi ya mutu, ruwa ya yi wari. Haka ya faru da tafkin Erie da ke tsakanin Amurka da Kanada, har ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar kare manyan tafkunansu a 1972. Tarayyar Turai ma, tun daga 2013, ta taƙaita fosforas a omon wankin gida zuwa ƙasa da rabin giram a wanki guda.

Ba sai mun je nesa ba. Kogin Jakara yana kwaso ruwan kwatocin birnin Kano, rafin Getsi ya ƙara masa da na masana'antun Bompai, su taru a madatsar ruwa ta Wasai da ke yankin Minjibir, maƙwabciyar Gezawa, inda ake su da noman rani. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu wurare sun daɗe suna auna gurɓatar wannan ruwa. Ruwan wanki ɓangare ne kawai na abin da ke shiga can, amma shi ne ɓangaren da kowane gida ke da hannu a ciki. Ruwa dai ba ya tsami banza.

A gida, babbar matsalar gishiri ce

Ga wani abu da rubuce-rubucen Turai ba su cika damuwa da shi ba, saboda su ruwan wankinsu bututu yake bi zuwa wurin tacewa. Idan ruwan wanki ƙasa yake shiga, kamar yadda yake a yawancin gidajen Gezawa, fosfet ba shi ne abin tsoro ba. Ƙasarmu ma ƙarancinsa take fama da shi. Abin lura shi ne sodiyam.

Kusan duk abin da ke cikin garin omo da sodiyam yake tafe. Kashi 43 cikin 100 na nauyin sodiyam kabonet sodiyam ne, na sodiyam salfet kuwa kashi 32. Mu yi ɗan lissafi. A ce gida yana amfani da giram 50 na omo a kowane wanki, sau uku a mako. A shekara ya kama kilo 7.8 ke nan, kuma duk a wuri ɗaya yake zuba, wato bakin rariya ko gindin bishiyar tsakar gida.

Me sodiyam ke yi? Ƙwayoyin yumɓu da ke cikin ƙasa suna haɗuwa su yi ƙananan dunƙule, tsakaninsu akwai kafofin da ruwa da iska da saiwa ke bi. Kalsiyam ne ke taimaka musu su haɗu. Idan sodiyam ya yi yawa sai ya ture kalsiyam, ƙwayoyin su warwatse su toshe kafofin. Shi ya sa ƙasar bakin rariya take yin santsi idan ta jiƙe, ta yi tauri kamar daɓe idan ta bushe, wani lokaci har da farin ɓawo a samanta. Ga kuma kaifin ruwan omo, wanda a ma'aunin pH yakan kai 10 ko sama, alhali yawancin amfanin gona sun fi son ƙasar da ke tsakanin 6 da 7. Idan ƙasa ta yi kaifi da yawa, shuka ba ta iya jan ƙarfe da zinki, sai ka ga sabon ganye ya fito rawaya.

Jigawa mai rairayi, irin wadda ta fi yawa a Gezawa, tana da sauƙi a nan, domin ruwan damina yana wanke sodiyam ya yi ƙasa da shi. Amma wannan sauƙin yana da nasa haɗarin: abin da ya wuce rairayi da sauri yana iya kaiwa ga rijiya marar zurfi da ke kusa. A fadama mai laka kuwa sodiyam zama yake yi. Sannan mu tuna wata bakwai zuwa takwas muke yi babu ruwan sama da zai wanke komai.

Shuke-shuke ma sun bambanta. Lemo da mangwaro da albasa ba sa jure gishiri. Dabino yana jurewa ƙwarai, darbejiya ma ba ta cika damuwa ba.

Sabulun salo, kanwa da aduwa

Kakanninmu suna ƙona karan dawa ko na gero, su tace tokar da ruwa, su dafa ruwan tokar da mai ko kitse har ya zama sabulun salo. Abin da ke cikin ruwan toka fotasiyam ne, wato harafin K na NPK. Saboda haka sabulun da aka yi da toka tsantsa, idan ya ruɓe a ƙasa, abin da yake bari abincin shuka ne. Ta fuskar ƙasa, da wuya a samu abin wankin da ya fi shi. Amma a lura da abu biyu. Wasu masu yi suna ƙara soda don ya yi saurin kamawa, sai ya koma sabulun sodiyam. Kuma a ruwa mai cin sabulu yana ƙarewa da wuri, ya bar dafi-dafi a farin kaya.

Kanwa tana tausasa irin wannan ruwa, domin tana kama kalsiyam ta kwantar da shi. Sai dai ita ma yawancinta sodiyam kabonet ce da 'yan uwansa. Ɗan ƙanƙani ya isa, kuma ruwan da aka sa mata kada ya je gindin shuka.

Akwai kuma itatuwa masu kumfa da kansu, kamar aduwa, wadda ake amfani da ɓawonta da saiwarta wurin wanki a wurare da dama na Afirka. A nan akwai labari mai amfani. A 1964 wani masanin kimiyya ɗan Habasha, Aklilu Lemma, yana bincike a wani rafi kusa da garin Adwa, sai ya ga matattun dodon koɗi a ƙasa da inda mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro mai suna endod, alhali a sama da wurin suna nan da rai. Daga nan aka gano tsiron yana kashe dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya, binciken da ya kai shi ga samun lambar yabo ta Right Livelihood a 1989. Aduwa ma tana da irin wannan ƙarfi, kuma tana kashe kifi. Ke nan, kasancewar abu daga itace ya fito ba ya nufin a zuba shi a rafi ko kududdufi.

Sabulun ruwa da ake haɗawa a gida

Mata da matasa da yawa sun koyi haɗa sabulun ruwa a wuraren koyon sana'a, kuma sana'a ce mai rufin asiri. Sabulun ruwa yana da wata fa'ida: ba ya buƙatar sodiyam salfet don ƙara auki, saboda haka gishirinsa bai kai na gari ba. Amma a cikin jerin kayan haɗin da ake koyarwa akwai biyu da ya kamata a sake dubawa. Na farko STPP, wanda shi ne fosfet ɗin da muka yi magana a kai. Na biyu fomalin, da ake sawa don kada sabulun ya lalace. Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sinadarin da ke cikinsa a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, kuma mai haɗawa ce ta fi shaƙar sa. Akwai wasu magungunan adanawa da masu sayar da kemikal ke da su, a tambaye su.

Sai soda mai ƙuna. Idan aka jiƙa ta, kamarta ɗaya da ruwan sha. Yaron da ya kurɓa zai iya ƙone maƙogwaro har ya kasa haɗiyar abinci. Kada a taɓa ajiye ta a gorar ruwa ko ta lemo, kuma a ɗaga ta inda hannun yaro ba ya kai.

Me za a duba wurin saye?

Koren launi da hoton ganye a jikin leda ba hujja ba ne, kowa na iya bugawa. A fara da lambar rajistar NAFDAC da sunan kamfani da adireshinsa. Omon da ake aunawa a gwangwani daga buhu marar suna, babu mai iya gaya maka abin da ke ciki.

A karanta jerin kayan haɗi idan an rubuta. In ruwan wankinku kwata ko kududdufi yake tafiya, ku nemi wanda aka rubuta wa "phosphate-free", wato babu fosfet. In kuwa ƙasa yake shiga kusa da shuka, sabulun salo na toka ko sabulun ruwa ya fi gari. Kalmar "biodegradable" tana nufin bakteriya na iya cinye shi. A dokar Tarayyar Turai ta 2004, sai sinadarin wanki ya ruɓe da aƙalla kashi 60 cikin 100 a kwana 28 a gwajin ɗakin bincike kafin a yarda a sayar da shi. Amma wannan kalma ba ta shafi gishirin da ke ciki ba, domin sodiyam ba ya ruɓewa. Idan kun ga kalmar "perborate" ko "borax", akwai sinadarin boron, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke ƙona ganyen lemo.

Wanda ke da hali, ya sayi babbar leda ɗaya maimakon ƙanana ashirin. Kuɗin kowane giram yakan fi sauƙi, kuma ƙananan ledojin nan su ne iska ke kwasa zuwa gona, awaki su haɗiye, su cushe musu tumbi. Maƙwabta biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su raba.

Wurin wankin kansa

Ku fara da gwada ruwanku. Ku zuba shi rabin gora, ku kankare ɗan sabulu a ciki, ku girgiza. Idan kumfa ta tashi ta tsaya, ruwan mai laushi ne, sabulu kaɗai ya wadatar. Idan ya yi fari-fari da gudaji babu kumfa, ruwa ne mai cin sabulu, kuma a nan omo kaɗan ya fi sabulu mai yawa. Ruwan sama da aka tara daga kwano shi ne mafi laushi, da damina a yi wanki da shi.

A auna omo da cokali ko murfi, a bar zubawa daga leda kai tsaye. A rage kaɗan daga abin da aka saba, a ga ko kayan sun fita. Alamar an yi yawa ita ce santsin da ba ya ƙarewa sai an ɗauraye sau uku ko huɗu, kuma inda ake sayen ruwa a jarka, wannan asara biyu ce.

A jiƙa kaya na rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a cuɗa. Lokaci yana yin aikin da ƙarin omo zai yi, musamman in akwai enzayim a ciki. Su enzayim ruwa mai ɗumi suke so, tafasasshe yana kashe ƙarfinsu. Tabon jini kuwa da ruwan sanyi ake fara wanke shi, don zafi yana kama shi a zare. A goga sabulu a wuyan riga da hammata kawai, maimakon a ƙara wa baho gaba ɗaya. A fara da fararen kaya, a bi da masu kala, a ƙare da tsummoki a ruwa ɗaya.

Rana da muke da ita kyauta tana ƙara wa farin kaya haske, tana kuma kashe ƙwayoyin cuta da dama, saboda haka bilic ba na kullum ba ne. In an yi amfani da shi, kada a haɗa shi da maganin wanke banɗaki mai asid, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba.

Ina za a zubar?

Ruwan farko, mai kumfa da datti, shi ya ɗauki yawancin gishirin. A haƙa masa ɗan rami a cika da tsakuwa da yashi da gawayi, nesa da rijiya. Ma'aunin da masu aikin tsabtar ruwa ke amfani da shi ga masai shi ne mita 30, kuma yana da kyau a bi shi a nan ma in fili ya ba da dama. Ana iya yayyafa shi a tsakar gida don kwantar da ƙura, ana sauya wuri.

Ruwan ɗauraya na biyu da na uku ana iya ba bishiyoyi, a riƙa juyawa daga wannan zuwa waccan, wani lokaci a bi da ruwa mai kyau. A zuba takin dabbobi ko ruɓaɓɓen ganye a gindin, domin yana taimaka wa ƙasa ta riƙe kafofinta. Kada a zuba shi a kan latas, alayyafo ko duk ganyen da ake ci ɗanye, kuma kada a ajiye shi ya kwana, saboda bakteriya na hayayyafa a ciki.

Ruwa iri biyu ba sa zuwa gindin shuka ko kaɗan. Wanda aka wanke tsumman kashin jariri ko kayan marar lafiya, masai za a kai shi. Kayan da aka yi feshin gona da su kuma a wanke su daban, ba tare da na iyali ba, a zubar da ruwan nesa da rijiya da wurin shan dabbobi.

Masu zuwa wanki kududdufi ko rafi, su ɗebi ruwan su matsa gefe kamar taku talatin, su yi wankin a kan ƙasa. Ƙasa za ta riƙe fosfet ɗin, bakteriyarta su cinye sabulun kafin ya koma ruwa, kuma mai wankin ya rage tsayuwa a cikin ruwan da ake ɗaukar tsargiya.

Gobe idan an gama wanki, kafin a kifar da baho, ku bi ruwan da ido ku ga inda yake tsayawa. Ku duba ƙasar wurin, ku duba ganyen bishiyar da ke kusa, ku ƙirga taku nawa ne zuwa rijiya. Abin da kuka gani shi zai gaya muku irin sabulun da ya kamata ku saya a kasuwa mai zuwa.